Kurnar Kaka Dela

"Ba zan matsa ba, Baffa."

Baffa Usuman, ƙanin marigayi mahaifina, ya tsaya da gatari a hannu, baki buɗe. A gidanmu na unguwar Karantina ba a taɓa mayar masa da magana ba.

"Yalla, maza, Barakatu, kauce! Ɗakin saukar alhazai zan gina a nan. Ko madarasa ce ta koya miki rashin kunya?"

Na ƙara manna bayana a jikin kurnar. Kaka Dela ce ta taho da ƙwallonta daga Gobir, ɗinke a bakin zani, a ƙafa har tashar jiragen ruwa ta Sawakin, ta haye teku da shi zuwa nan ƙasa mai tsarki. Ba irin sauran kurna ba ce. Ba ta da ƙaya, 'ya'yanta sun kai girman goro, kuma ba a cin su sai sun yamushe, a lokacin ne suke zuma. Maƙwabta sun sha shuka ƙwallonta, kullum mai ƙaya ce ke fito musu. Ita kaɗai ce. Da ganyenta aka yi wa Kaka wankan gawa.

"Halas, shi ke nan," in ji Baffa, ya ajiye gatarin. Na ɗauka na ci nasara.

Ranar jarrabawar shiga makarantar horon malamai mata, na fito da abayata, sai warin kananzir ya buge ni. Gindin kurnar ya jiƙe sharkaf, ga garwa a kife.

"Innalillahi!" Innata ta dafe ƙirji. "Usuman, bishiyar uwarka?"

Bai ko ɗago daga shayinsa ba.

"Tafi, 'yar nan, za ki makara," in ji Inna.

Na cire abayar. Da faranti na fara haƙa, da ya lanƙwashe na koma da hannu. Na kwashe ƙasar har saiwa ta bayyana, na wanke ta da ruwan randarmu, na ciko sabon yashi. Da aka kira la'asar, fatar yatsuna ta saɓule, jarrabawa kuma ta wuce ni.

Rabin bishiyar ya bushe. Ɗaya rabin ya yi toho bayan aikin hajji.

Zaituna da muke zama benci ɗaya yanzu malama ce a unguwar Hindawiyya. Ni ina ɗinkin hula a ƙarƙashin rabin inuwa, kuma Baffa bai sake amsa gaisuwata ba.