Gatarin Khimuli

Garin itace Khimuli ta fara gani a gindin babbar bishiyar banj, ja kamar niƙaƙƙen barkono. Ta kara kunne a jikin bawon. A ciki wani abu na tauna, ƙurus, ƙurus, irin cizon haƙoran da marigayi mijinta kan yi cikin barci.

Tsutsa ce, ta sani. Idan damina ta faɗi za ta zama ƙwaro mai dogon ƙaho, ta bazu cikin kurmin. Kuma daga ƙarƙashin saiwar banj ɗin nan idon ruwan ƙauyen yake fitowa. In kurmi ya mutu, ruwa ya tafi. Maganin ɗaya ne, a sare mai ciwon a ƙone.

To amma bara ƙauyen ya damƙa kurmin a hannun Uwar Dutse, abar bautarsu, don makiyaya su daina sassabe shi. An ɗaura jan ƙyalle a bakin hanya, an rantse duk wanda ya shiga da ƙarfe, Uwa ta ɗauki ɗansa.

Ta sami Diwan, ƙanin mijinta, yana gyaran garma.

"Matar Yaya, tsufa ne ke miki kuka a kunne," in ji shi. "Uwar da ke riƙe da dutse, tsutsa ce za ta gagare ta?"

"To kai jarumi, zo ka saurara."

"Ni da 'ya'ya uku? Rufa min asiri."

Haka kowa ya ce. Ta yi ta jira ko wani namiji zai motsa, har hadari ya fara haɗuwa. Sannan ta tuna abin da ta daɗe tana kuka a kansa: ita ba ta da ɗan da za a ɗauka.

Ta tsallake jan ƙyallen da gatari. Sara kaɗan bishiyar ta kife, don cikinta duk rami ne. Ta tona da yatsa, rami bayan rami. Babu tsutsa ko ɗaya. Sun riga sun yi fiffike sun fita.

A bakin hanya mata sun taru da tuluna, suna kallon gatarin. Khimuli ta gane duk bishiyar da za ta bushe daga yau, ita za a ɗora wa laifin, a ce ta jawo fushin Uwa.