Laifin da Malama Ta Ƙi Saki

Ranar da aka dasa wa Malama ƙwai a asibitin masu neman haihuwa, likita ta ce su nisanci juna har a yi gwajin jini. Mijinta, mai gyaran firji da take kira Injiniya don tsokana, ya ce to. Aurensu ya daɗe, kuma har yau ba wanda ya taɓa ɓata musu bango da fensir.

Sun riƙe maganar kusan har ƙarshe. Sai wata rana da azahar ya dawo ɗaukar abin awon gas da ya manta, ya same ta a bakin gado tana kuka, jikinta duk tabon allura. Ya zauna lallashi. Ba wanda ya yi niyya a cikinsu, amma abin ya faru.

Gwaji ya fito, babu ciki.

Tun daga nan ta daina ce masa Injiniya. Takan dawo daga makaranta, ta duba aikin 'yan ajinta, ta zuba masa abinci, ta shige ɗaki. In hannunsa ya taɓa nata wajen karɓar kofi, sai ta janye kamar ta dafa waya mai wuta. Shi kuwa a shago yakan kwance firji, ya zauna ya zuba masa ido, har mai shi ya zo ya tafi.

Da suka koma asibiti, likita ta gama bayaninta tana shirin sallamarsu, sai ya yi gyaran murya. Kunya kamar ta kashe shi.

"Likita, sharaɗin nan... mun karya shi. Sau ɗaya. Shi ya ɓata aikin?"

Malama ta sunkuyar da kai.

Likita ta ajiye biro. "Ba na jin haka. Na ce ku dakata ne don allurai sun kumbura mata ciki, kada ta ji ciwo. Yawanci ƙwan ne bai kama ba, ko me aka yi. Ku cire wannan daga ranku."

Ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. A wajen ajiye babura ya juyo yana murmushi, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

"Malama, kin ji ko? Ba mu ba ne."

"Wa ya aike ka?"

"Na ɗauka hankalinki zai kwanta."

"Da safe na fito gida na san abin da zan gyara in an sake. Yanzu me zan gyara? Kai ne mai gyara, faɗa mini."

Ya ciro makullin babur daga aljihu.

"Tausayinmu ta ji, shi ya sa," in ji ta. "Mu ne. In muka kiyaye, na gaba zai kama."

Ya dube ta. Idanunta roƙonsa suke yi. Ya san likita ba ta yi ƙarya ba, ya kuma san in ya amsa laifin, nisan da ke tsakaninsu zai ci gaba. Ya daɗe yana juya makulli a hannu.

"To," ya ce. "Mu ne."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta share fuska da gefen mayafi. Ya tada babur, ta hau. Ta ja baya kaɗan, ta bar sarari tsakaninsu, ta riƙe ƙarfen bayan kujera da hannu biyu. Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa ramuka, har gida.