Awon Ƙarfin Baba Umaru

Ni Zulai'atu ba ni da haƙuri, kowa a Wara ya sani. Tun asuba nake kai da kawowa a tsakar gida, mahaifina kuwa yana ta laluben hularsa kamar ba shi za a kai asibiti ba.

Baba Umaru masunci ne, ya haura saba'in, amma kullum sai ya tura jirginsa cikin ruwa shi kaɗai. Makon jiya a bakin gaɓa aka tsince shi, ya faɗi. Da ƙyar muka yi yarjejeniya: ranar awon tsofaffi, in malamar asibiti ta ce ƙarfinsa ya ragu, zai ajiye filafili, ya daina tuƙa jirgi.

Layi ya yi tsawo. Na zauna, na tashi, na leƙa, na dawo. Da aka kira mu, malamar, Susan, ta ɗauko takardarta.

"Baba, kana yawan jin gajiya?"

"Ba gajiya," in ji shi, har da ɗan rusunawa.

Sai na ga ta kai biro za ta rubuta. Kai!

"Malama, tsaya! Gaisuwa fa ya amsa miki! Wane Bahaushe za ki ce wa gajiya ya ce akwai?"

Ta yi turus, ta juya takardun tsofaffin da suka riga mu. Duk amsarsu ɗaya. Ta yi dariya, ni ko ban ga abin dariya ba.

Ta ba shi wani ƙarfe ya matsa. Hannun da ya shekara sittin yana tuƙi! Ya matse shi har ta zaro ido. Ta ce ya tashi daga kujera ya je bango ya dawo, tana duba agogo. Ya cije, ya je, ya dawo, ƙeyarsa sharkaf da gumi.

"Yana bakin iyaka," in ji ta, "amma bai tsallake ta ba. Ku dawo bayan wata uku."

Wallahi na ji kamar in fasa ihu. Tsoro ne ya cika ni, ya fito a faɗa. Na yi gaba ina sababi, na bar shi a baya.

A gangaren kasuwar kifi na ji shiru. Na waiga, yana dafe da bangon wani shago.

"Zulai, taho."

Na koma.

"Kwana tara ke nan ban kai wurin taruna ba," ya ce a hankali. "Bayan tsibirin can nike laɓewa, in zauna har rana ta ɗaga, in komo. Don dai a gane ni na fita."

Maganar da na zo nema ke nan, ga ta a hannuna.

Ya ce, "To, mi kika ce? In aje filafilin?"

Na kama hannunsa. Na ce, "Mu dai isa gida, Baba."