Feshin Kowace Safiya

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun asuba, Yaya ta dawo daga wurin aikinta na binciken cututtukan shuka da wata kwalba a jaka. Ina cikin rumfar leda inda muke rainon tumatir, ina ta zagaye, don ni zama wuri ɗaya ba ya yi mini. Irin da ke farantan rainon nan shi ne na ƙarshe da Baba ya zaɓa da hannunsa kafin ya rasu. Ko ƙwaya ba mu rage a ajiye ba.

"Babu cuta a ruwan kwalbar nan," in ji ta. "Ƙwayoyin cuta suna da wani sinadari da suke kiran juna da shi kafin su afka wa shuka. Shi kaɗai muka tace. Da ganye ya ji shi zai ɗauka maƙiyi ya iso, ya rufe ƙofofin numfashinsa, ya ƙara kauri. In cutar ta zo, a shirye za ta same shi."

"Wato ihun ɓarawo za mu yi musu, ba ɓarawo."

"Ji shi, malamin aji uku. Sau ɗaya a kwana goma za ka fesa, Auta. Ka ji ko?"

Na ji. Amma a rumfarmu komai kullum ake yin sa, ban ruwa kullum, duba ganye kullum. Da na ga tabon cuta a gonar maƙwabcinmu kuwa, sai na shiga fesawa kowace safiya, wani lokacin har da yamma.

Mako biyu tsiron bai ƙara ko tsawon farce ba. Ganyen suka yi tauri suka naɗe, ɗigon ƙuna ya cika su. In na ɗaga ledar ƙofa, sai in ji kamar na shiga ɗaki cike da mutane, kowa ya riƙe numfashi yana sauraren takun wani. Har yanzu in na wuce ta wurin nakan rage sauri.

Yaya ta tafi da ganye goma wurin aiki. Ba ta sami cuta ko a ɗaya ba.

"Da kansu suka kashe naman jikinsu, don su tare abin da bai zo ba," ta ce. "Sau nawa ka fesa?"

Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon farantan.

Faranti goma sha takwas ne, kowanne da tsiro saba'in da biyu. Tsiro bakwai suka rayu. Babu wanda ya yi fure.