Rabin Mota a Tagar Bartholomew

Shin mutum yana ɗaukar alhakin abin da ya gani da idonsa ya yi masa dariya? Har yau babu wanda ya ba Rabe amsar da ta zauna masa. Amma a safiyar Litinin ɗin nan ba tambaya ce a gabansa ba, ƙofar maƙwabcinsa ce, ga makulli a hannunsa yana santsi da gumi duk da sanyin Nuwamba.

Ya durƙusa ya ɗaga murfin ramin wasiƙa da ke jikin ƙofar. "Baba Bat! Ni ne Rabe. Kana ji na?"

Shiru. Iskar da ta fito ta ramin ta fi ta waje sanyi.

Matarsa Turai tana tsaye a bakin ƙofarsu, tsallaken titi, ta ɗora mayafi a kan rigar sanyi. "Baban Jamila, don Allah ka buɗe mana! Ba don wannan ya ba ka makullin ba?"

"In na buɗe na tarar da..." Ya kasa ƙarasawa.

Shekara huɗu ke nan suna fuskantar juna a wannan layi na unguwar Lozells. Bartholomew tsoho ne ɗan asalin Jamaika, ya yi shekara talatin yana haɗa motoci a wata masana'anta har aka rufe ta. Ba mata, ba ɗa. Abin da ya tara a duniya yana ɗakin sama: 'yan motocin wasa fiye da ɗari uku, waɗanda in ka murɗa nan ka ja can, sai ƙofofi su zama hannuwa, tayoyi su koma bayan ƙafa, kai ya ɓullo daga cikin injin, mota ta miƙe tsaye ta zama mutum-mutumi. Duk Lahadi yakan bi kasuwannin gwanjo yana neman hannun wannan ko fiffiken wancan, ya dawo ya goge su da burushin haƙori.

Rabe injiniya ne, saboda haka gaɓoɓin nan suna burge shi fiye da yadda zai yarda. Amma ya taso ya ji cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da siffar mai rai. In abin yana mota, zai ɗauka ya juya shi yana jinjina wa wanda ya ƙera. Da zarar kai ya leƙo, sai ya ajiye ya kau da ido.

"Liman," in ji Bartholomew wata rana, da sunan da ya saba kiransa, "ƙarfe ɗaya ne, roba ɗaya. Yanzu halal, bayan minti biyu haram. A daidai wace murɗa zunubin yake shiga? Faɗa mini in rinƙa tsayawa kafin nan."

"Kai dai sha shayinka, dattijo."

"Riƙe shi. Ba ya cizo."

"Ba zan riƙe ba."

Tsohon ya bushe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya fito da kan wata jar babbar mota, ya bar sauran jikin yadda yake, ya ɗora a tebur. "To wannan fa? Wane malami zai yanke masa hukunci?"

A shekarar da aka rage wa masu zuwa kula da tsofaffi ranaku, matar da ke duba Bartholomew safe da yamma ta koma zuwa Laraba da Juma'a kawai. Hannunsa ya fara rawa, ya taɓa faɗuwa a banɗaki. Shi ne ya kawo wa Rabe makulli, tare da dabara. Kullum kafin ƙarfe takwas zai juya jar motar nan ya ajiye a tagar sama, yau mota, gobe mutum. "In ka ga na jiya bai canja ba, Liman, kada ka tsaya sallama."

Ranar Asabar mota ce. Ranar Lahadi da safe suna loda kuloli a but ɗin mota, za su Manchester sunan ɗan ƙanin Turai, Rabe ya ɗaga kai. A tagar, kai ya fito, hannu ɗaya ya fito, sauran duk mota.

Ya yi dariya. "Kalli tsohon nan, ya dawo da tsokanarsa. Wai in yanke masa hukunci."

"Ba ka leƙa shi ba?"

"Mun riga mun yi latti, ga babbar hanya za ta cika. In mun dawo zan ba shi amsa."

Suka ci naman suna, aka yi hotuna, suka dawo a gajiye. Da gari ya waye ya buɗe labule, ya ga abin yana nan yadda yake, kai da hannu ɗaya, sai ya ɗauki makullin ya fita.

Yanzu ya sa makullin. Ƙofar ta ture jaridar talla da ke ƙasa. A kicin ga kofi da ganyen shayi a ciki, ba a zuba ruwa ba. Agogon bango yana ta aikinsa. Rabe bai taɓa ganin gawa shi kaɗai ba. A gida kullum akwai manya a gaba, su suke shiga, kai kana waje kana jira. Ya kama ƙarfen matakala, ya fara hawa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Yana shaƙar iska a hankali, yana tsoron abin da hancinsa zai gaya masa. A mataki na bakwai ya tsaya, ya ji kamar ya juya ya ce wa Turai ba kowa.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Fuskoki ɗari uku a kan katakai tun daga ƙasa har rufi, duk suna kallon ƙofa. A ƙarƙashin taga ga silifa ɗaya, ga ƙafa.

"Innalillahi..."

Ƙafar ta motsa.

Bartholomew yana kwance a kan gefensa cikin rigar barci, bakinsa ya karkace, leɓunansa sun tsage. Ido ɗaya yana kallon Rabe sosai. Jikinsa kamar an ciro shi daga firij. Rabe ya cire kwat ɗinsa ya lulluɓa masa, ya kira motar asibiti, sai da matar da ta ɗauki wayar ta sa shi ya maimaita adireshin sau uku.

"Tun yaushe yake a ƙasa?" ta tambaya.

Rabe ya dubi tagar. "Tun... tun jiya da safe, ina jin."

Ya riƙe hannun tsohon. "Na gani, Baba Bat. Jiya na gani. Na ɗauka wasa kake." Idon bai ɗauke daga kansa ba. Leɓen ya yi motsi, wani sauti ya fito, ko "Liman" ne, ko ruwa yake nema, Rabe bai gane ba.

Ranar Laraba da hantsi Bartholomew ya cika a asibiti, bai sake magana ba. Rabe ya tare likitar a baranda. Da an kawo shi tun Lahadi fa? Ta ce shanyewar ɓarin jiki irin wannan, wani lokaci awa ɗaya tana raba rai da mutuwa, wani lokaci ko a gabansu ya faɗi ba abin da za su iya. Ba za ta iya cewa ba.

"Kwanansa ne ya ƙare," in ji Turai a gida. "Ka daina cin kanka."

"Na sani. Amma kwana ɗaya a ƙasa, Turai, yana jin mun tada mota mun tafi."



Ya daina buɗe labulen ɗakinsu. In zai fita aiki, kansa a ƙasa har ya sha kwana. Abin da ya fi tsoro shi ne Justina, ƙanwar mamacin da ke unguwar Erdington. Ya san za ta zo kwashe kaya, kuma za ta tambaya.

Ta zo bayan mako biyu, da sandarta da tarin kwalaye. Rabe ya tsallaka ya kai mata makullin. Ya same ta a ɗakin sama tana naɗe motoci a jarida. A tsaye ya gaya mata komai, har dariyar, bai rage ba.

Ta daɗe tana kallonsa. "Ni wata takwas rabona da shi," ta ce. "Bas ɗaya ce tsakaninmu." Ta ci gaba da naɗi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce da laifinsa ba.

Can ta nuna taga da sandarta. "Wancan ya ƙi shiga kwali. Na ja, na tura, ina tsoron in karya. Ka san yadda ake yi?"

Ya sani. Ya ga an yi sau ɗari ta gefen ido. Ya ɗauko shi. Ya fi yadda yake zato nauyi, fentin ƙirjin ya koɗe daidai inda babban yatsa ke dafawa. In ya danna kan ciki ya mayar da hannun, zai koma mota ya shiga kwali. Amma Lahadin da tsohon ya faɗi ba ranar mota ba ce, ranar mutum ce.

Ya zauna a ƙasa, a ƙarƙashin tagar. Ya ja ɗaya hannun ya fito. Ya raba bayan motar gida biyu, ya miƙar da ƙafafun, kowace ta ce ƙas. Ya murɗa ƙugu, ya buɗe tafin ƙafa, ya gyara kan da yatsa biyu har fuskar ta dubi gaba. Sannan ya tsayar da shi a kan dakalin taga.

Justina ta bar naɗi. A tsallaken titi, Turai ta ɗaga labule.