Ganye na Uku

"Iya, injin ya yarda da ke," in ji Khairunnisa, ta tsuguna bakin gadon da takardar sakamakon gwajinta a hannu.

Iya Kulu maƙwabciyarsu ta buɗe ido da ƙyar. Kwana shida ke nan ko kunu ba ya zama a cikinta. Ita ce kuwa ta yi shekara arba'in tana raba yaran unguwar nan ta bayan Kusugu da tsutsar ciki, har da Khairunnisar, wadda yanzu take nazarin ganyaye a jami'a.

"Na jiƙa marke da sabara kamar yadda kika ce, tsutsar ko gezau. Da na zuba garin maganinki, kafin la'asar ta mutu tas. Akwai ganye na uku a ciki, ko?"

Tsohuwar ta yi 'yar dariya. "Ashe injin naku ba wawa ba ne."

"Mene ne sunansa?"

"Ba shi da suna, 'yar nan. Uwata da yatsa ta nuna mini shi a hanyar Sandamu. In na miƙe, ma je." Ta ɗaga haɓa wajen wata ƙwarya da ke rataye a ragaya. "Akwai saura can, ban daka ba."

Khairunnisa ta dubi ƙwaryar, ta dubi dangin da suka cika ɗakin. Wa zai sauke kayan mara lafiya a gaban 'yan uwanta, a ce an fara rabon gado da ranta? Kunya ta riƙe mata hannu. Ta ce gobe.

Goben, da hantsi, aka kai Iya Kulu makwancinta.

Sai bayan azahar Khairunnisa ta iya shiga ɗakin. An share shi fes, an shimfiɗa tabarmi don masu gaisuwa. Ragayar na lilo, babu komai a ciki.

"Yaya Rahmatu, ina ƙwaryar nan?"

Surukar Iya ta goge ido da bakin mayafi. "Ta busasshen ganye? Na zuba wa akuya, tun jiya ba wanda ya tuna da ita."

Khairunnisa ta zagaya bayan ɗaki, zuciyarta na ƙuna. Ta yi kukan Iya da safe, yanzu ta sake sabo, kuma wannan karon da kanta take kuka.

Jar akuyar Iya na tsaye a turke, tana tauna a hankali. Ta lashe ƙwaryar, sannan ta ɗago tana duban ƙofar ɗakin.