Teburin Kawu Mai Agogo

Sunan Lauya ba kotu ce ta ba shi ba, 'yan layi ne suka laƙaba masa. Mutum ne mai sayar da kwan lantarki da soket da waya, ya haura arba'in, da tumbinsa da 'ya'yansa huɗu. Tun da ya shiga ajin da ake koya wa 'yan kasuwa doka ranar Asabar, sai ya zama ba ya buɗe baki bai ce "a dokance" ba. Tela ya shanya yadi a bakin ƙofa, a dokance ya tare hanya. Mai aski ya kunna rediyo, a dokance ya shiga haƙƙin maƙwabta. Suka fara kiransa Lauya don tsiya, shi kuwa ya amsa da gaske, har da gyara wuyan riga.

A cikin shagon, daga hannun dama in ka shiga, akwai wani ɗan teburi da aka kafe a bango da ƙusa huɗu. Nan Kawu yake zama yana gyaran agogo. Ƙanen mahaifiyar Lauya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarar da aka rushe tsohuwar kasuwa aka haɗa da rumfarsa, Lauya ya je da kansa ya kwaso kayan tsohon, ya ce masa ya zauna a nan har Allah ya kawo wani wuri. Wurin bai zo ba, kuma babu wanda ya sake tayar da maganar. Kawu ba ya biyan ko sisi, amma shi yake buɗe shago da safe, shi yake tsare shi in Lauya ya tafi sarin kaya. Ba shi da surutu. Ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya, ya sunkuya, sai ka manta yana wurin.

Wata Asabar malamar ajin, wata tsohuwar lauya ce da ta yi ritaya, ta ɗauko darasi a kan ƙasa da gine-gine. Ta ce akwai ƙa'idar da ke cewa in mutum ya zauna a wurin da ba nasa ba shekara goma sha biyu, ba haya, ba takarda, mai wurin kuma bai ɗaga murya ba, to yana iya zuwa kotu ya ce wurin ya zama nasa. Tana cikin bayani lokaci ya cika, masu ajin gaba suka fara leƙowa ta taga. Ta tattara takardunta ta ce za a ci gaba mako mai zuwa.

Lauya bai ji wannan na ƙarshen ba, domin tuni hankalinsa ya koma kan teburin Kawu. A bayan littafinsa ya lissafa: shekara goma sha ɗaya da wata tara. Saura wata uku. Ya dawo shago ya tsaya yana kallon ƙeyar Kawu, sai ya ga kamar yau ya fara ganinsa. Shirun nan na tsohon, ashe jira ne? Ƙusoshin nan huɗu da ya kafa a bango, ashe shaida yake kafawa? Kuma Kawu yana da 'ya'ya maza biyu, ko shi bai yi ba, su ai za su yi. Duk alherin da tsohon ya yi masa, a ranar ya juya shi ya karanta ta baya.

Matarsa ta ce ya ji tsoron Allah. Ta ce ko ba komai ya jira Asabar ya tambayi malamar, kwana bakwai ba za su kashe shi ba. Ya ce mata rigakafi ya fi magani, kuma wanda bai taɓa zama a aji ba bai kamata ya sa baki a maganar masu ilimi ba. Ta ce to, Allah ya kyauta, ta ci gaba da wankinta.

Ranar Litinin ya je aka buga masa takarda a na'ura. Da a ce ya ja tsohon gefe ne ya faɗa masa da baki, da abin ya zo da sauƙi, amma an koya musu cewa sanarwa sai da shaidu. Ya kira tela da mai aski, suka shigo suna zaton wani abin arziki ne. Ya miƙa wa Kawu takardar a gabansu. Kawu ya karanta da gilashin aikinsa, layi bayan layi, ya kai ƙarshe ya koma farko. An ba shi kwana uku.

"Ɗan nan, me na yi maka?"

"Ba ka yi komai ba, Kawu. Doka ce. Sa hannu a nan, alamar ka karɓa."

Mai aski ya ce shi ba zai shaidi wannan ba, ya fita. Tela ya sa hannu kansa a ƙasa, domin Lauya ne ya ja masa wutar shagonsa. Kawu ma ya sa, da rubutunsa siriri mai tsabta. Bai jira kwana ukun ba. Washegari ya kwashe agogunan mutane a ƙaramin akwati, ya sa kan guduma yana zare ƙusoshin. Katakon ya tsufa, ya tsage gida biyu a hannunsa. Ya jingina shi a bango, ya share wurin, ya ajiye mabuɗin shago a kan kanta, ya yi wa Lauya sai an jima kamar kullum.

Kwana huɗu Lauya yana yi wa duk wanda ya shigo bayani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Zumunci daban, kasuwanci daban. Da bai yi karatu ba, da an yi masa sakiyar da ba ruwa. Har ya shawarci mai sayar da fenti ya duba ƙanensa da ke kwana a sito. Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka sayi kwansu suka fita.

Asabar ta zo. Malama ta ce an tsaya a rabi, kuma rabin da ya rage shi ne mai muhimmanci. Waccan ƙa'idar, in ji ta, ta wanda ya mamaye wuri ce ba da yardar mai shi ba, ya riƙe shi shi kaɗai kamar nasa. Wanda aka ce wa ya zauna kuwa baƙo ne, ko ya shekara hamsin ba ya samun ko taku ɗaya.

Lauya ya ɗaga hannu. Ya tambaya, ko da babu takarda?

"Mai wurin ya ce masa zauna?"

"Ya ce."

"Kuma suna shiga suna fita tare? To me ya rage? Wannan ko ɗan aji ɗaya ba zai kai shi kotu ba." Ta juya ga sauran ta ce shi ya sa take hana su aiki da rabin darasi, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Aji ya yi dariya, Lauya ma ya yi tasa.

Daga ajin bai koma shago ba. An ce masa Kawu yana bakin tashar mota, can ya nufa da niyyar ya ɗauki akwatin da hannunsa ya mayar da tsohon. Kunya ta ishe shi, kuma da gaske zuciyarsa ta yi baƙi da abin da ya yi. Amma tafiyar da ɗan tsawo, kuma a hanya ya tuna da tela, da mai aski, da mai fenti, da matarsa da ta ce ya jira Asabar. In Kawu ya koma kan teburi, kafin azahar layin gaba ɗaya zai san Lauya bai iya doka ba.

Ya tarar da shi a gindin katanga, kusa da masu faci. Kawu ya durƙusa a ƙasa yana lalube da yatsa, wani ɗan mitsitsin noti ya faɗi daga farantin da yake aiki a kan cinyarsa. Wani da ya kawo gyaran agogo yana tsaye a kansa yana cewa in idonsa ya mutu ya daina ɓata wa mutane kaya. Ƙarshe ya fizge agogonsa a buɗe ya tafi. Kawu ya dafa katanga ya miƙe da ƙyar, sai ya ga ɗan 'yar'uwarsa.

Kawu ya yi masa maraba, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya kakkaɓe masa wani bulo ya zauna. Mai aski ya riga ya ba tsohon labarin shekara goma sha biyun. Ya tambaya ko yau an je makaranta, kuma ko an sake duba maganar.

Lauya ya dubi akwatin, ya dubi gwiwoyin tsohon da suka yi baƙi da man mota.

"Na tambayi malamar, Kawu. Ta ce abin da na yi shi ne daidai."

Kawu ya jujjuya gilashin a hannunsa. Can ya nisa.

"To alhamdulillahi da ka yi karatun nan. Wallahi ban san haka abin yake ba, da na cuce ka da 'ya'yanka ina zaune. Ka yafe mini, ɗan nan."

Lauya ya ce ba komai, ya yafe.